Yadda Aka Kai Wa Tabawa Sakamako

A shekarar da karnukan doka suka tare kowace hanya a Dajin Marke, babu dabbar da ke isa kasuwa da kayanta cikakku. Jaki kan fito da dami, ya isa da igiya. Kowa ya haɗiye, ban da wata zabuwa mai suna Tabawa, wadda Saje Baƙin-Baki ya karɓe wa kwandon ƙwai a mararraba, wai zai duba ko na sata ne. Ta kai ƙara Ofishin Koke, ta dangwala ƙafa a takarda.

Damina biyu suka wuce. Duk ranar da ta je, akawun ofishin, wani tsohon kunkuru, sai ya ce, "Inna, ai an gama bincike tuni."

"To me aka gano?"

"Wannan kuma ba a ce in faɗa ba."

Ba ƙwan take nema ba, ta san sun daɗe da bin jikin wani. So take ta ji ko an kama Saje da laifi, don ta san ko za ta sake bin hanyar kasuwa. Irinta kuwa da yawa, har gunaguninsu ya kai fada.

Sarki Zaki ya tara majalisa. Kura, Ministan Tsaro, ya miƙe ya gyara babbar riga.

"Ranka ya daɗe, wannan mulki na talakawa ne. Daga yau, duk wanda ya kai ƙarar ɗan doka, har ƙofar gida za a kai masa sakamako. Kuma don a rufa masa asiri, a kunne za a faɗa masa."

Aka yi tafi. Sarki ya ce, "Wa zai kai?"

Wani ya ambaci tantabara. Kura ya girgiza kai. "Tantabara ba ta san kan maganar ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wa ya fi wanda aka yi ƙara sanin abin da ya faru? A gabansa aka yi komai."

Majalisa ta yaba da wannan hikima, aka buga hatimi.

Washegari da hantsi Tabawa tana tsince-tsince a ƙofar gida, sai ta hango Saje tafe. Ta yi fir ta haye tsamiya.

"Salamu alaikum, Inna. Albishirinki, sakamako ya fito."

"Sannu da zuwa, Saje. Faɗi, ina ji daga nan."

"Haba Inna, doka ta ce a kunne."

"An same ka da laifi ko ba a same ka ba?"

"Sauko dai ki ji." Ya lashe baki.

"Ajiye takardar a gindin itace, ka matsa can."

"Babu takarda. A ka na riƙo."

Ya zauna, ita ma ta gyara zama a reshe. Haka suka wuni, haka suka yi mako.

Da majalisa ta sake zama, Kura ya kawo rahoto. "Ranka ya daɗe, tsarin yana tafiya. Zomo ya saurari nasa, kaza ta saurari nata, barewa ma haka. Zabuwa ce kaɗai mai taurin kai, ta ƙi saukowa."

Sarki ya ce, "Su waɗanda suka saurara, sun gamsu?"

"Ranka ya daɗe, har yau babu wanda ya dawo."