Garkuwan Pitha da Gorar Bayan Gida

Allah ya yi wa garinmu Barlekha baiwa da Tofazzol Mia, Garkuwan Pitha, mutumin da bai taɓa hura wuta ba amma ya fi duk matan gari sanin girki. Pithar gora dai kowa na yi, Musulmi da Hindu da 'yan ƙabilar Khasi na kan dutse: garin shinkafa mai danƙo da kwakwa da mazarƙwaila, a ɗura cikin gora a gasa. Mun ɗauka ta kowa ce, sai Garkuwa ya waye mana kai.

"Kakana ne ya ƙirƙiro ta," in ji shi, yana shafa tumbi. "Sauran duk 'yan kwaikwayo ne."

Kujerar shugaban kasuwa yake nema, shi da wani abokin takara, kuma akwai wani babba daga birnin Sylhet da zai zo bikin sanyi ya ɗaga hannun wanda ya burge shi. Don tsabtace tarihi, Garkuwa ya hana 'yan dutse kafa rumfa a filin biki. Kong Rilang, shugabar matansu, ta kwashe gorarta ta koma bakin titi.

Abin da mai zurfin ilmi ya manta shi ne, gorar da ba ta ƙonewa kan dutse take fitowa, kuma su ke sayar mana. Matarsa ta tuna masa, ya ce gora ai gora ce, a saro ta bayan gida.

Ranar biki ya sha farin kaya, ya hau mumbari yana zuba tarihin kakansa. Yana tsakiyar jawabi gorar da ake gasa pitharsa a ciki ta kama da wuta, ta shiga fashewa kamar bindiga. Abin da aka ciro gawayi ne mai ƙanshin kwakwa. Wallahi na tausaya wa shinkafar.

Baƙo ya yi tari, ya bi hancinsa zuwa bakin titi, jama'a suka mara masa baya. Da Garkuwa ya iso yana haki, ya tarar har an ɗaga hannun abokin takararsa a wurin Kong Rilang, hannun ma duk danƙon pitha.

Kong Rilang ta yanko masa guda a ganyen ayaba.

"Ci mana, Kawu, kada ka ji kunya. Ai ta kakanka ce. Gorar ce kawai tamu."