Rasuwar Akwatin Feshi na Gidan Kuwabara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci cike da warin fenti, ni Kuwabara Tetsuji na Shizuoka nake sanar da 'yan ƙungiyarmu ta masu harhaɗa ƙananan jiragen roba rasuwar akwatin feshina, wanda ya cika ranar Lahadi muna tsaka da fentin fiffike.

Marigayin ɗan talakawa ne. Jikinsa tsohon akwatin roba ne na ajiye tufafi, zuciyarsa fankar kicin ce, numfashinsa kuma ta wata mesa da na zura ta taga. A haka ya shanye duk ƙurar fentin da na fesa masa, bai taɓa bari wari ya kai ƙarata ɗakin girki ba. Da ƙuruciya "fuuuu" kawai yake cewa. Da matacinsa ya toshe ya koma "gar-gar-gar". A ƙarshe ya ce "ƙit", bai ƙara ba. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba.

Ya bar 'yar bindigar feshi ɗaya, kwalaben fenti barkatai, da jirage marayu a kwali waɗanda ba su taɓa ganin launi ba. Ya kuma bar ni a tsaka mai wuya, domin lungun da yake zaune aro ne. Tun ranar da na kafa shi maiɗakina Fumie ta ce, "Baban Rin, ranar da abin nan ya bar gidan nan, lungu ya dawo hannuna. Katifun sanyi ma suna son wurin kwana." Gidan namu kuwa ba shi da wani lungun.

Muna ba jama'a haƙuri kan jana'izar da aka yi ta ɗagawa. A garinmu kowace irin shara da ranar kwasarta. Na kai shi wurin shara ranar kayan ƙonawa, masu kwasa suka manna masa takarda rawaya suka wuce, wai akwai ƙarfe a jikinsa. Na mayar da shi ranar ƙarafa, suka ce ai roba ce. Tsohuwa Tsurumi, mai sa ido kan sharar layinmu, ita ke rungumo shi har ƙofa. "Malam Kuwabara, kai da ke manna ƙusar da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, raba roba da ƙarfe ne ya gagare ka?" Nakan rusuna in ba ta haƙuri, in mayar da marigayin lungunsa, raina fes.

Yanzu an tsayar da magana. Za a yi jana'iza kashi-kashi, fanka ranar ƙarafa, akwati da mesa ranar tasu. An ɗauke mini nauyin shirya gawa. Fumie ta aro sukundireba wajen tsohuwa Tsurumi, kuma su biyun za su raka shi har mota ta ɗauka.

Masu zuwa ta'aziyya, don Allah kada kowa ya riƙo sabon jirgi. Za a karɓi gaisuwa a baranda, inda ni da marayun muka koma.