Farin Dutsen da Na Zaɓa wa Murhun Falo

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da na hura wuta a cikin falonmu na Jikwoyi, ina sanye da leshin biki, surukata tana tsaye tana kallona. Amma kafin mu kai can, sai na faɗa muku abin da ya sa mace mai hankalinta, ma'aikaciyar gwamnatin tarayya, ta gina murhun jin ɗumi a Abuja, garin da in fanka ta tsaya sai kowa ya fara istigfari.

Ni 'yar littattafan soyayya ce. Tun ina sakandare nake karɓar hayarsu ina ɓoyewa cikin littafin lissafi, kuma a cikinsu na koyi duk abin da na sani game da aure kafin in yi shi (wato ban san komai ba). A irin waɗanda na fi so, in zaman miji da mata ya yi tsami, sai ya ɗauke ta zuwa ƙasar sanyi. Su zauna gaban wuta a wani falo mai farin dutse, hasken yana wasa a fuskarta, shi kuma ya buɗe baki ya amayar da duk abin da ke zuciyarsa.

Nawa mijin ya daina magana. A farkon shekarar muka haifi 'ya mace, ba ta kai ranar suna ba Allah Ya karɓi abarsa. Ba faɗa muka yi ba, da faɗa ne da na san yadda zan yi. Zai tafi aikinsa a Idu wajen jiragen ƙasa, ya dawo, ya yi sallama, ya ci abinci, ya ce sannu da aiki, ya kama waya. Ni kuma in kwashe kwanuka. Ko sau ɗaya ba mu taɓa zancen yarinyar ba. Na fara tsoron wata rana za mu wayi gari babu abin da ya haɗa mu sai makullin gida.

Da damina ta yi nisa aka tura shi kwas Kaduna. A ranar da ya tafi na yanke shawara: tunda ba zai kai ni ƙasar sanyi ba, ni zan kawo ta Jikwoyi.

Akwai wani mai sayar da duwatsun ado a bakin titi kafin Nyanya, mutumin Filato, kowa Oga Bitrus yake ce masa. Ya tarbe ni da fara'a.

"Madam, me za ki yi da dutse? Fulawa ne, ko wurin kifi?"

Na buɗe baki zan ce wuta, sai na kalli rana, na kalli gumin da ke ɗiga daga haɓarsa. Kunya ta kama ni. Na ce, "Ado ne kawai, a falo."

"To in ado ne kowanne ya yi. Zaɓa wanda ya shiga ranki."

Ya zagaya da ni. Ga baƙin dutse irin wanda ake fasawa a Mpape, na ce wannan ai titi ne. Ga jan bulo gasasshe, na ce ni ba gidan burodi zan buɗe ba. Ga mabul mai tsada, na wuce kamar ban gani ba. Can ƙarshe sai ga tulin duwatsun rafi, farare, sumul, kamar ƙwan agwagwa. Ya ɗebo ruwa ya watsa musu, suka ɗauki ƙyalli. Wallahi a take na ga kaina zaune gabansu, kaina a kafaɗar mijina. Ban ƙara tambayar komai ba.

Magini ma ƙaryar da na yi masa ke nan. Na ce ado ne irin na manyan otal, amma ya fitar min da bututun hayaƙi don abin ya yi kama da gaske. Ya girgiza kai ya yi. Ya jera duwatsun da siminti, waje da ciki, har ƙasan inda itace zai zauna. Kafin ya jera su kuma sai da na jiƙa su a baho kwana da kwanaki, ina dirzawa da soso kamar kayan jarirai. (Na rubuta wannan kafin in lura da abin da na rubuta. Bari in bar shi.)

Ranar dawowar maigidana Asabar ce, aka wuni ana ruwa, gari ya yi ɗan sanyi. Na ce Allah ma Yana bayana. Na sayo itace wajen mai ƙosan layinmu, wadda ta tambaye ni ko gas ɗinmu ne ya ƙare. Da na ga duwatsun sun bushe sun dusashe, sai na sake kwara musu ruwa don su yi ƙyallin ranar farko. Na yi wanka, na sa leshi, na yi kwalliyar da rabona da ita tun ina da ciki. Na shimfiɗa darduma, na ajiye kofi biyu. Har kalmomin da zan faɗa na haddace, kuma ko da wuƙa a wuyana ba zan maimaita muku su ba.

Bayan la'asar na hura wutar. Ta kama da kyau, tana ci bal-bal. Na zauna a gefe, na karkata kai yadda hasken zai sami fuskata.

Na ji mota, na ji sallamarsa. Sai na ji wata sallamar a bayan tasa.

Hajiya ce, mahaifiyarsa. Ya taho da ita daga Kaduna za ta ga likitan ido, bai gaya min ba, ni ma ban tambaya ba, abin da gidan namu ya koma ke nan. Ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta, ta gyara tabarau, ta dubi wutar, ta dube ni, ta dubi kofunan nan biyu.

"Muntari, girki kuke yi a falo?"

Na durƙusa ina gaishe ta, leshin yana ƙara kamar takarda. "Sannu da zuwa, Hajiya. An zo lafiya?"

"Lafiya lau, 'yar nan. Biki za ki?"

Kafin in buɗe baki, murhun ya amsa min. Wata ƙara ta tashi kamar harbin bindiga. Hajiya ta saki jaka ta yi ƙasa tana salati. Kafin mu gane me ya faru, ta biyu ta tashi, ta uku ta biyo, gutsattsarin dutse da garwashi suna tashi a falo. Ɗaya ya sami gilashin tebur. Darduma ta fara hayaƙi. Maigidana ya yi tsalle ya tare tsakanina da wutar, sai na ga ya dafe goshi, jini yana bin yatsunsa.

Na ce, "Abban Hanan!"

Hanan shi ne sunan da muka zaɓa tun cikin yana ƙarami. Da shi nake kiransa a lokacin, muna dariya, mu biyu kawai muka sani. Tun ranar da aka binne ta ban sake furta shi ba, kuma ban sami wani sunan da zan kira shi da shi ba, sai dai in matso kusa in fara magana. Yanzu ga shi ya fita da ƙarfi, a gaban mahaifiyarsa.

Ya juyo ya dube ni, hannunsa a goshi.

Daidai nan Maman Joy, maƙwabciyarmu, ta banko ƙofa da bokiti. "Madam, wuta ya kama? Ku fita, ku fita." Ba ta jira komai ba ta sheƙa ruwan. Wani dutsen ya sake tsagewa, toka ta tashi ta lulluɓe ni daga ɗankwali har ƙafa. Ta tsaya tana haki, ta ƙare wa murhun kallo. "Wannan wane irin kicin ne, Oga?"

Hajiya ta miƙe a hankali, ta zauna a kujera, ta ce da Maman Joy Allah Ya yi albarka. Da matar ta fita sai ta juyo gare ni, ba faɗa a muryarta, kuma da faɗan ta yi da ya fi min sauƙi.

"'Yar nan, gaya min. Sanyi kike ji?"

Ina tsaye, kwalli da toka suna gangarowa a kumatuna. Duk ƙaryar da na yi wa mai dutse da magini ta ƙare. Na ce, "Hajiya, so nake ya zauna kusa da ni ya yi min magana."

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba. A ce mace ta faɗi haka ga surukarta, mijin yana tsaye yana zubar da jini. Hajiya ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi, ta daɗe tana gogewa. Sannan ta ce a nuna mata inda za ta yi alwala. Ta san hanya sarai. Ta shige ta ja ƙofa.

A bakin ƙofar kicin ya zauna, don falon ba ya shiguwa. Na kawo ruwan ɗumi da gishiri da auduga ina wanke masa ciwon. Ba ya kallona, ruwan da ke zuba daga indararo yake kallo. Can ya ce, "Ni na riƙe ta har makabarta."

Na tsaya.

"Ba ta da nauyi ko kaɗan. Na rasa yadda zan gaya miki wannan."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Na zauna a gefensa a kan simintin mai sanyi, muka yi kukan da ya kamata mu yi tun farkon shekara, ni da tokata, shi da audugarsa, har aka kira magariba.

Ba zan ce muku daga ranar komai ya gyaru ba. Har yanzu akwai ranakun da gidan yake yin shiru. Amma yanzu in shirun ya yi yawa ɗayanmu yakan ce, "Ita kake tunani?" ɗayan ya ce e. An yi masa ɗinki a goshi, tabon yana nan. In abokan aikinsa suka tambaya sai ya ce madam ce ta yi gyaran gida. Hajiya kuwa ta riƙe rabin labarin a cikinta, ɗaya rabin ta kai Kaduna, don har yau in na je ƙannensa sukan tambaye ni ko a rufe taga.

Daga baya na duba a waya, abin da da na yi tun farko da bai ci min komai ba. Ashe dutsen rafi yana riƙe ruwa a cikinsa, in wuta ta gasa shi ruwan ya nemi hanyar fita sai ya tarwatse. Jan bulon nan da na raina shi ake sawa inda wuta take taɓawa, baƙin dutsen kuma a kewaye. Marubutan da suka raine ni ba su taɓa faɗar wannan ba, su dai fari ne kuma yana ƙyalli.

Don haka 'yar'uwa, in kin je sayen dutse, ki daure ki faɗi abin da za ki yi da shi, ko da za a yi miki dariya a bakin titi. In kuma kin shirya wa maigida tarba ta musamman, ki ɗaga waya ki tambaye shi ko shi kaɗai zai dawo.