Ranar da Hajiya Ta Ga Wuyana

Har in koma ga Allah ba na jin zan manta da bikin ƙawata Rabi a Kurfi. Ranar ce mahaifiyar Sani, mai neman aurena, za ta fara ganina. Burina ɗaya ne: kada ta ga wuyana.

Wuyan nan ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Ba abin da ban dirza masa ba: soso, sabulun salo, lemon tsami, har dutsen goge kaushi (kada ku yi dariya, ni na san azabar da na sha). Innata kullum cewa take ƙazanta ce. Don haka na tsige gashin haɓata, na lafta wa wuya hoda, na shiga mota daga Dutsin-Ma ina jin kaina.

Kafin a kai ni gaban Hajiya gumi ya gama da ni, hodar duk ta koma jikin farin mayafina. Na durƙusa gaisuwa kai a ƙasa, mayafi ya zame, wato dai na miƙa mata wuyan ta duba da kyau.

Ta ɗago haɓata ta ƙura mini ido. Ta yi magana, kiɗa ya hana ni ji. Ta maimaita, na yi murmushin sakarci. Sai ta ɗaga murya, daidai lokacin da janareta ya mutu:

"Na ce, al'adarki tana zuwa kowane wata?"

Wuri ya yi tsit. Wata gwaggon amarya ta saki salati. Wayyo ni! Na ce a raina shi ke nan, maganar aure ta watse.

Ashe tsohuwar nas ce. Ta ja ni ɗaki ta ba ni haƙuri, ta ce, "Ɗiyata, wannan ba dauɗa ba ce." Ina kuka na faɗa mata sai in yi watanni ban gani ba. Da ƙafarta ta raka ni asibiti. Likita ya ce matsalar sinadaran jiki ce da ke taɓa ƙwan mace, ana ce mata PCOS, ita ce ta jawo baƙin wuyan da gashin haɓar, sukarin jinina ma ya fara hawa. Aka ɗora ni kan magani, na bar lemon kwalba, na kama tafiya da ƙafa.

Yau a gidan ɗanta nake, ita ke tuna mini ranar ganin likita. Allah ya saka wa baiwar Allahn nan da Aljanna, wallahi ina sonta.

Amma 'yar'uwa, in babba ya yi miki magana a gidan biki ba ki ji ba, matsa kusa tun a karon farko.