Ranar da Uban Koguna Ya Raka 'Yan-Tsotso Teku

Laifin da zan yi magana a kansa yau shi ne son a gani. Ba sata ba ce, ba kisan kai ba ne, don haka babu alƙalin da ke zama a kansa. Amma ni a shekaruna saba'in da tara na ga ya ɓata abin da ɓarawo bai ɓata ba. Wannan laifi ne ya sa jiya Alhamis na koma gida wandona jiƙe har ƙugu, ina ta atishawa, saboda na shiga kogi na tsamo wani babban mutum. Ba zan faɗi sunansa ba. Mu kira shi Mai Girma Uban Koguna, Garkuwan Kifaye, wanda almakashinsa na buɗe biki ba ya tsatsa.

Ni dai a aji shida na tsaya. Daga nan injin yanka katako ya karɓe ni shekara arba'in, ya sallame ni da yatsu tara. In kun ga rubutuna ya karkace ku yi haƙuri, labarin kam a miƙe yake.

Duk ɗan garin nan ya san Kan-ƙarfe, kifin da ake ƙyanƙyashewa a rafinmu na Tolliver, ya gangara teku ya yi shekara biyu, sannan ya dawo ya zuba ƙwai a tsakuwar da aka haife shi. Ina yaro, in suna hawowa, mahaifina kan ce mu rage surutu a kan gada don mu ji ƙarar wutsiyarsu. Bara goma sha tara aka ƙirga. Goma sha tara! Ko ɗaurin aure ba sa cikawa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Da rani masu gonakin inabi na sama suna kunna injinan ruwansu, rafin ya tsinke ya koma 'yan kududdufai, 'ya'yan kifi su maƙale a ciki suna dahuwa, zalɓe na tsince su kamar gyaɗa. To mu uku ne muka ɗora wa kanmu wahalar kwaso su. Ni, da maƙwabcina Orval Lindqvist, tsohon mai saran itace wanda kunnensa ɗaya ya riga shi yin ritaya, da Delfina Paiva mai shagon kofi a bakin gada, wadda ke riƙe da takardar izini da ma'aunin zafin ruwa, kuma duk mun fi tsoronta a kan hukuma. Bara muka kwaso dubu uku da ɗari biyu, kowane bai wuce ɗan yatsa ba, muka zuba su a tankuna a tsohon filin injin katako, inda akwai idon ruwa mai sanyi.

A nan dole in yaba wa ofishin Mai Girma, kada a ce ni butulu ne. Shekara uku suna yi mana alkawarin injin sanyaya ruwa. Injin bai zo ba, amma sun aiko da allo. Allo kuwa na gani na faɗa, tsayinsa ya fi ƙofar coci, da hoton Mai Girma yana murmushi, an rubuta cewa shi ne ya ceto kifin Tolliver. Bai tashi a banza ba. Ƙa'idar renon Kan-ƙarfe ita ce kada ya ga mutum yana ba shi abinci, don in ya saba da inuwa a kansa, ranar da zalɓe ya tsaya masa sai ya taso da murna. Sai muka kafa allon a bakin tanki, muna laɓewa a bayansa muna watsa abinci ta sama. Wata tara ke nan kifayen na ganin abinci yana faɗowa daga bayan wannan murmushi.

Orval ya ce, "Lyman, ka lura? Su ma sun ɗauka shi ke ciyar da su."

Na ce, "Rufa mana asiri, kada a yi musu rajistar zaɓe."

Farkon watan nan kifayen suka canza. Zanen jikinsu ya ɓace, suka koma fari ƙal kamar sabon cokali, suka ƙi abinci, suka taru a gefen tanki ɗaya, kowa kansa na kallon yamma. Teku ke kiran su. Matsalar ita ce bakin koginmu yashi ne ke toshe shi, sai an yi ruwa mai ƙarfi yake fashewa, ya yi 'yan kwanaki a buɗe, sannan igiyar teku ta sake rufe shi sai baɗi. Kifin da bai fita a waɗannan kwanaki ba, sai ya zauna a tafkin bakin teku, ruwa ya yi ɗumi, tsuntsaye su yi walima. Asabar, kusan mako biyu ke nan, aka yi ruwan, Lahadi baki ya buɗe. Abin da ya rage kawai a ba mu motar tanki ta ofis, wadda a sahu biyu za ta kwashe su zuwa kogi.

Litinin da safe Delfina ta buga waya, ni da Orval muna zaune a shagonta. Wanda ya ɗauka shi ne mai riƙe wa Mai Girma littafin zirga-zirga. Mu ce masa Sarkin Jadawali.

Ta ce, "Yallaɓai, baki ya buɗe, muna son mota gobe."

Ya ce, "Madalla! Mai Girma da kansa zai saki kifin. Yana da sarari ranar Alhamis ta makon gobe, ƙarfe goma sha biyu."

"Kwana goma ke nan. Bakin ba zai wuce kwana huɗu ba."

"To Uwargida, ba za a iya ɗan jinkirta shi ba?"

"A jinkirta wa? Teku?"

"Ku dai rubuto mana a takarda, za a duba."

Orval ya karkato da kunnensa mai rai ya ce, "Me ya ce?"

Na ce, "Ya ce a rubuta wa teku wasiƙa."

"To a sa mata kan sarki mai kyau, ta daɗe ba ta amsa tawa ba."

Makullin mota, in ji Sarkin Jadawali, yana cikin aljihun tebur, kuma ba zai fito ba sai ranar biki, don an kai motar a yi mata sabon fenti. Delfina ta ajiye waya. Ta ɗauko takardar izini ta shimfiɗa a kan tebur tsakanin kofuna, ta sa yatsa a wani layi ta ce, "Lyman, kai mai aji shida, karanta."

Na karanta a hankali. An ce a saki kifi idan bakin kogi ya buɗe. Na duba sama, na duba ƙasa, na juya bayan takardar. Babu inda aka ce sai Mai Girma ya sami sarari.

Talata gari na wayewa muka fara. A-kori-kurar Orval muka yi amfani da ita, wadda ta girmi Sarkin Jadawali, tana shan mai kamar da gayya, ga farashin mai yadda kuka sani, kullum sai ya hau kamar shi ma zai zuba ƙwai a sama. Muka ɗora ganguna biyu, da kulolin Delfina, da babbar tukunyar da take dafa miyar ƙaguwa ranar Juma'a. Sahu ashirin da uku muka yi. Delfina na tsaye a baya da ma'auninta, in ruwa ya fara ɗumi ta jefa ƙanƙara, tana daka wa Orval tsawa.

"Kai tsohon banza, a hankali! Ba gungume ka ɗauko ba!"

"Me ta ce?"

"Ta ce tuƙinka ya burge ta."

Goma sha ɗaya suka mutu a hanya, kuma na ji zafinsu, don na san wahalar kowane. Sauran muka tsoma ganga a ruwa muka karkata. Ba su tsaya sallama ba. Walƙiya ɗaya, sun ɓace ƙarƙashin saiwoyi. Delfina ta juya baya tana gyara gashin da bai ɓaci ba. Mijinta masunci ne, teku ta riƙe shi shekara goma sha huɗu da suka wuce, kuma tun daga lokacin ba ta taɓa aika wa tekun komai da son ranta ba sai ran nan. Laraba da Alhamis muka je bakin teku muka ga ayarinsu na ratsa yashi. Juma'a da yamma baki ya rufe ruf.

Ni ba na ɓoye-ɓoye, don haka ni na buga wa Sarkin Jadawali na gaya masa kifi sun tafi.

Ya ce, "Baba, ka kashe ni. An kama rumfa. An gayyaci 'yan jarida. An sayo bokiti mai ruwan zinariya, an zana sunan Mai Girma a jiki."

Na ce, "Ɗana, sai a ɗage."

"Ba a ɗage wa Mai Girma biki. Don Allah Baba ku samo min kifi. Ko wane iri ne. Kifi ai kifi ne."

Na ce, "Maimaita, in sa Orval ya ji da kunnensa mai kyau."

Ya maimaita.

To ƙarƙashin gadarmu akwai wasu bayin Allah da muke kira 'yan-tsotso. Bakinsu a ƙasa yake kamar na butar shayi, aikinsu tsotsar laka, kuma tun da aka halicce su ba wanda ya taɓa jin ɗayansu ya yi sha'awar ganin teku. Orval ya jefa ragarsa ta birgi sau biyu ya kamo talatin. Ba mu cuce su ba, a koginsu za a mai da su, sai dai su sha jawabi.

Jiya aka yi biki. Motoci tara suka zo don kifi talatin. Motar tanki ta iso da sabon fenti, babu ko ɗigon ruwa a cikinta. An yi rumfa, an ɗaura balan-balan masu siffar kifi, an raba gasasshen nama da kek ɗin tuffa. Mai Girma ya sauko cikin farar hula mai faɗin baki da takalmi mai ƙyalli, ya miƙo min hannu. Gaskiya mutum ne mai fara'a, ba ni da ƙorafi a nan.

Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai magana game da kifin nan."

Ya dafa kafaɗata ya ce, "Bayan jawabi, Baba."

Na sake gwadawa da ya hau mumbari. Ya ce, "Dattijo, na san komai, an yi min bayani." Delfina ta taka min ƙafa ta ce, "Ka fita hakkinsa. Zauna ka ci kek."

Jawabi shafi tara. Ya ce wannan kifi jarumi ne, ba ya ja da baya, yana keta teku ya dawo gida, kamar yadda shi ma yake dawowa gare mu duk bayan shekara huɗu. Masuntan garin na tsaye a baya, sun riga sun leƙa bokitin. Na ga manyan mutane masu gemu suna cusa hula a baki. Da ya gama, ya tsoma hannu ya ɗago ƙaton ɗan-tsotso, ya kai shi dab da fuskarsa don hoto. Ɗan-tsotso ya turo baki, Mai Girma ma ya turo murmushi, kyamarori suka yi ta walƙiya.

Sai mai ɗaukar hoto ya ce a matsa kusa da ruwa. Orval ya ɗaga murya ya ce, "Ranka ya daɗe, dutsen nan akwai gansakuka!" Amma wa ke jin kurma? Taki ɗaya, taki biyu, na uku sai muka ga tafin takalmi yana kallon sama. Masu rakiyarsa goma sha biyu suka tsaya a gaɓa suna ba da shawara. Ni mai shekara saba'in da tara na shiga na kamo kwalar rigarsa.

Yana tari yana cewa, "Kifin fa? Sun tafi teku?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, na gaskiyar sun tafi tun Talatar makon jiya. Maganar da nake ta son in gaya maka ke nan."

Ga lissafin abin da son a gani ya ci wa Mai Girma, don masu tasowa su ji: takalmin ƙafar hagu ɗaya, farar hula ɗaya, an hango ta ta wuce gada, wayar hannu ɗaya, jawabi shafi tara, ruwa ya tafi da takwas, bokiti mai ruwan zinariya, yana ƙasan kogi da sunansa a jiki. Sai hoto guda, wanda jaridar nan ta buga yau da safe a shafin farko, kuma Delfina ta riga ta manna shi a saman tukunyar kofi, masunta na bin layi suna kallo. Sarkin Jadawali kuwa na ji an ba shi hutu ya je ya koyi sunayen kifaye.

Shafin da ya tsira shi ne na tara, ni na tsinto shi a jikin reshe. A ciki Mai Girma ya yi alkawarin zai dawo bayan shekara biyu ya tarbi kifayen da ya saki da hannunsa. A duk alkawuran da aka taɓa yi mana, wannan ne kaɗai ba na shakkarsa ta ɓangaren kifi. Na leƙa ƙarƙashin gada ɗazu, duk talatin ɗin suna nan, suna tsotsar lakarsu a gefen bokiti, ba inda za su. In ya tashi zuwa, ya taho mana da injin sanyaya ruwan, mu kuma za mu ajiye masa takalmin in ya taso.