Miyar Zoɓo

Ranar da surukina, dillalin shanu, zai zo daga Moriki, na rantse sai na burge shi da miyar Turawa da na gani a waya: laimar kwaɗi zalla, ba nama. Su da jar giya suke dafawa. Ni 'yar Musulmi, sai na juye zoɓon da nake sayarwa, har da sukarinsa. Ban ɗanɗana ba, ai gwana ce ni.

Na laɓe ina jiran yabo. Loma ɗaya Baba ya kai, ya saki salati. Ya lalube kwanon kaf, ko ƙashi babu. Ya wanke hannu.

Har yau in na durƙusa na ajiye masa zoɓo, sai ya leƙa kofin ya ce, "Ɗiyata, wanga na sha ne, ko in jira tuwo?"