Yadda Za Ka Liƙe Kujerar Alwalar Surukinka Kafin Ya Dawo Daga Kasuwa

Ka je gaisuwa Gagarawa, an ce Malam Barau, mahaifin matarka, yana kasuwar Maigatari. An shimfiɗa maka tabarma a zaure, amma rawar kai ta ɗora ka kan 'yar kujerar da yake alwala a kai. Ƙafa ɗaya ta fita. Idan aka ji ka hau kujerar suruki, ka gama ɗaga ido a gidan nan. Bi matakan nan, ni na tsaya maka, ba mai ganin tabo.

1. Ɓace da gawar

Idan matarka Rakiyya ta leƙo, ce kana duba ingancin katako ne. Za ta tambayi abin da ya haɗa mai cajin waya da katako. Kada ka amsa. Jefa kujerar a buhu, hau babur, sai Gumel.

2. Guji ƙaro

Wani mai son a ce ya sani zai ce ka jiƙa ƙaro. Wannan na haɗa tawada ne. Kujerar da ke shan ruwan buta kullum, alwalar farko za ta wanke asirinka tas.

3. Tsare kafinta da tambaya

Ɗanmalam kafinta zai miƙo maka farin gam, har da rantsuwa. Tambaye shi yadda za a yi idan kujerar ta kwana cikin laima, ta wuni a ranar bazara. Da ya fara sosa ƙeya, ajiye masa abinsa. Sufa gulu kuwa, yatsunka kaɗai yake riƙewa tsakani da Allah.

4. Sayi gam mai haɗi biyu

Shi ne ba ruwansa da zafi ko danshi. Kankare ramin, kwaɓa, shafa, ɗaure tamau da roba. Idan ya kama, goga toka a wurin. Ƙarya ma tana son a tsufar da ita.

5. Koma tabarma

Ajiye kujerar inda take, sunkuyar da kai kamar sabon ango.

6. Saurara da kyau

Malam zai shigo, ya amsa gaisuwarka, ya ja ƙafar nan don ya tokare ƙyauren zaure, kamar yadda ya saba tun kafin a haifi Rakiyya. Ƙafar za ta ƙi fita. Zai sake ja. Ba zai dube ka ba, kunya ta hana. Cikin gida zai juya, ya ƙwala wa matarsa kira yadda maƙwabta za su ji:

"Jannatu, a yi wa mijin yarinyar nan godiya. A kuma tambaye shi, ya ji daɗin zaman?"

Gargaɗi: ni gam na zaɓar maka, kuma ya riƙe. Duk wanda aka daina shimfiɗa wa tabarma a gidan surukai, ana tura masa kujera ana dariya, kada ya nemo ni. Ban san shi ba.